Yadda za a haɗa tarihin Malam Aminu Kano daga Damagaram

Ɗalibin Jami'ar André Salifou da zai yi rubutu a kan Malam Aminu Kano, ɗan siyasar Arewacin Najeriya, ko ma'aikacin rediyo da zai shirya shiri a kansa, ya fara da takarda guda ya jera shekaru kafin ya je wurin kowane dattijo. In aka fara da hira, yabo ne zai cika rikoda, shekaru kuma su cakuɗe.

An haife shi a Kano a 1920. Ya yi Kwalejin Kaduna, ya koyar a Midil ta Bauchi inda ya yi zama da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sa'adu Zungur, ya tafi Landan ƙaro ilimi a 1946, daga baya aka tura shi makarantar horon malamai ta Maru. An kafa jam'iyyar NEPU, mai rajin kare talakawa, ranar 8 ga Agusta 1950. A kula: ranar ba ya cikin mutum takwas da suka kafa ta, yana Maru yana aikin gwamnati. Sai da ya ajiye aiki ya shigo, sannan ya zama shugabanta. Ya ci kujerar majalisar tarayya a 1959, ya rasa ta a zaɓen 1964.

Nan Damagaram akwai wani ramin da ake yawan faɗawa. NEPU ta yi shelar Sawaba a 1950, mu kuma muna da jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, wadda ta ce a'a a ƙuri'ar raba gardama kan zama tare da Faransa ta 28 ga Satumba 1958. Dattijo zai iya fara labari da ɗaya ya ƙare da ɗayar. A riƙa tsayar da shi cikin ladabi: "Baba, wannan a Kano aka yi ko a nan?"

Wurin da ya fi buƙatar aiki shi ne 1967 zuwa 1974, kuma shi ne marubuta suka fi tsallakewa. Janar Yakubu Gowon ya ɗauke shi cikin gwamnatin soja, ya riƙe ma'aikatar sadarwa har 1971, sannan ta lafiya. Muƙamin a lokacin kwamishinan tarayya ne, daidai da minista, sai a rubuta haka kar mai karatu ya zaci kwamishinan jiha ne. Tambayar da ta kamata a yi a nan mai nauyi ce: mutumin da ya fi shekara goma yana faɗa da sarakuna da En'e (hukumar gargajiya) don talakawa, me ya sa ya yarda ya zauna da sojoji, kuma ana tsakiyar yaƙin basasa? Me ya tsaya a kai, me ya bari ya wuce? A ware wa wannan zango aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na rubutun, a nemi jaridun lokacin irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian, kar a dogara da baki kaɗai.

PRP, jam'iyyar da ya jagoranta daga baya, ta 1978 ce, kar a haɗa ta da NEPU. Ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979 bai ci ba, amma jam'iyyar ta samu gwamna biyu, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna. Shi kansa bai taɓa yin gwamna ba. Da PRP ta rabu gida biyu, santsi da taɓo, kowane ɓangare ya riƙe nasa labarin har yau, saboda haka duk tambayar da aka yi wa ɗan santsi a yi wa ɗan taɓo irinta, a rubuta amsoshin biyu. Ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983, kafin zaɓen shekarar.

Mai hali ya je Gidan Mambayya a Gwammaja, gidansa da yanzu yake hannun Jami'ar Bayero, kabarinsa ma yana nan. Hanya ita ce Matamaye, Ɗan Barto, Daura, Kazaure. A riƙe katin ɗan ƙasa da takardar gabatarwa daga jami'a ko gidan rediyo, a canza sefa zuwa naira tun kan iyaka, a tafi ranar aiki. Kowace takarda aka ɗauki hotonta, a haɗa da shafin da kwanan wata yake, in ba haka ba a dawo gida da tarin hotuna ba a san na wace shekara ba ne.