Yadda Za Ka Lissafa Lokacin Tafiya Daga Kano Zuwa Jidda

Lokacin da Hajiyarmu za ta tafi Umra, a zaure na zauna da biro na yi mata lissafin nan. Tsakanin Kano da Jidda kusan kilomita 3,400 ne, jirgin fasinja kuwa yana cin kamar kilomita 850 a awa. Raba su, ka sami awa 4, sai ka ƙara rabin awa na tashi da sauka.

Inda mutane ke rikicewa shi ne agogo. Saudiyya na gaba da mu da awa 2, don haka in an tashi ƙarfe 10 na safe, za a sauka wajen 4 da rabi na yamma agogonsu.

In kuma daga Zariya za a taho a hau jirgin, don Allah a fita da asuba, saboda cunkoson shiga Kano.