Kurakuran da iyaye ke maimaitawa ranar kawo yaro makarantar maza ta Katolika

Duk farkon shekarar karatu abu ɗaya nake gani a bakin hostal, iyaye sababbi amma kuskuren na bara ne, na gaji da yi wa mutane bayani ɗaya bayan ɗaya shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya gani kafin ya rufe akwati.

Wanda ya fi ci min rai shi ne ɓoye ciwon yaro. Fom ɗin lafiya da ake ba ku ba don ado ba ne, amma sai uba ya bi layi yana rubuta babu, babu, babu, alhali yaron yana da asma ko sikila ko farfaɗiya, wai kar a ƙi ɗaukarsa ko yara su laƙaba masa suna. Akwai shekarar da aka kawo min wani ɗan aji ɗaya, fom ɗinsa fes. Satin farko aka fita gudun safe, ban ankara ba sai ga shi durƙushe a gefen fili, ƙirjinsa na kuka kamar usur, leɓensa ya fara sauya kala, ko magana ya kasa. Ashe inhelarsa na can ƙasan akwati cikin safa, uwar ce ta cusa ta ce kar ya bari kowa ya gani. Ni na sungume shi zuwa wurin nas, ni na kwana asibiti, ni kuma aka tsayar gaban firinsifal ana tambayata dalilin da na sa mara lafiya gudu. Yaron ya tashi, mun gode Allah, amma har yau in na tuna jikina sanyi yake yi. Haba iyaye! Mutumin da zai kwana ya tashi da ɗanku tsawon zango shi za ku ɓoye wa? Ni yanzu takarda kaɗai ba ta ishe ni, jan uwa nake gefe in tambaye ta baki da baki, har fitsarin kwance nake tambaya, don in na sani zan ba shi gadon ƙasa kusa da ƙofa in riƙa tashinsa da dare ba wanda ya ji. Magani a miƙa wa nas da sunan yaro da lokacin sha, inhela kuwa aljihunsa ne wurinta.

Sai maganar coci. Makarantun Katolika da yawa da Mas ɗin Ruhu Mai Tsarki suke buɗe shekara, Mas ita ce babbar ibadar 'yan Katolika da Fada ke jagoranta, al'ada ce da 'yan Jesuit, wata ƙungiyar limaman Katolika, suka faro a makarantarsu ta Mesina da ke Sisili tun 1548, kuma duk makaranta ake taruwa, ba 'yan Katolika kaɗai ba. To yaron da bai taɓa shiga Mas ba, ba wanda ya yi masa bayani a gida, yana ganin 'yan bencinsu sun miƙe sai ya bi layi, Fada ya ɗora masa Jikin Kristi, wato gurasar da aka tsarkake a Mas, a tafin hannu, shi kuma ya tsaya yana jujjuya shi ya rasa yadda zai yi. Wanda na gani aljihun wando ya sa. Abu ne mai nauyi ƙwarai a wurin ɗan Katolika, ɗan Katolikan da ya yi baftisma ya yi katikisma har ya yi karɓar farko shi ke karɓa, kuma yaron nan ya sha tsangwamar siniyoyi har ƙarshen zango kan abin da ba laifinsa ba. Ku ce masa ya zauna a wurinsa kawai, ba mai tuhumarsa. Wasu wuraren ana barin yaro ya je ya harɗe hannu a ƙirji Fada ya sa masa albarka, ni dai na fi so ya zauna har ya ga yadda ake yi a makarantar. In kuma addininku daban ne, ku tambaya tun kafin ku biya kuɗin makaranta wace ibada ce dole wace ce ba dole ba, kar sai yaro ya zauna ku dawo da rigima. Ku ma 'yan Katolika ku tuna masa, awa ɗaya kafin karɓa ba a cin komai sai ruwa da magani.

Ba duk mai doguwar riga ne Fada ba, a makarantun ƙungiyoyin Katolika na De La Salle da na Marist akwai Burada da ke koyarwa, ba firist ba ne, ba ya yin Mas, a kira shi Burada.

Suna a jikin kaya ku ɗinka da zare, na maka wanki kaɗan yake gogewa, kuma yunifom ɗin kowa iri ɗaya ne. Sabon takalmi ya fara sawa a gida kafin ya zo ya ji masa ciwo. Waya kuwa in dokar makaranta ta hana, kar ku ɓoye masa a cikin filo, za a kama, kuma kun koya masa tun ranar farko cewa doka abin zagayewa ce.

Don Allah ku daina damƙa yaro hannun wani siniya da kuɗi wai ya kula muku da shi. Sau da yawa abin da ke biyo baya shi ne ƙaramin ya koma mai wankin babban da ɗebo masa ruwa, kuma ba zai faɗa ba tunda ku kuka haɗa su. In kula kuke so ku zo wurin malamin hostal ku karɓi lambarsa.

Sallama kuma ku gajarta. Uwa ta shimfiɗa gado, ta jera kabad, ta tsaya tana hawaye har a buga ƙararrawa, sauran yara na kallo, yaron ne zai kwana da abin a ransa. Ku bar shi ya shimfiɗa da kansa ko da a karkace, ku gaya masa ranar ziyara, ku yi masa addu'a, ku shiga mota.