Yadda kakakin ma'aikata zai fuskanci 'yan jarida ranar da abu ya ɓaci

Ranar da komai ke tafiya daidai, kowa gwanin magana ne. Ana gane jami'in hulɗa da jama'a ne ranar da gobara ta tashi a masana'anta, ko albashi ya maƙale wata uku, waya kuma ta ƙi yin shiru.

Da farko, kafin ka amsa hira, tambayi ɗan jaridar: wace kafa ce, kai tsaye ne ko naɗa za a yi, kuma minti nawa? Idan muryarka za ta shiga labaran Sashen Hausa na BBC ko na DW ko na RFI, yanke ta za a yi, wataƙila a bar maka jimla biyu. Shirin kiran waya a tashar FM irin Freedom Radio ta Kano kuwa, zama za ka yi masu sauraro su yi ta jifan ka da tambayoyi, wasu cikin fushi. Shirin da za ka yi wa wannan daban, na wancan daban.

Sai ka nemo gaskiyar lamarin daga bakin waɗanda ke wurin, ba daga ofishin oga kaɗai ba. Adadin da ba a tabbatar ba, kada ya fito daga bakinka.

Mataki na uku shi ne kan gaba: rubuta magana guda wadda ko ita kaɗai aka watsa, ta ishe ka, kuma ka fara da mutanen da abin ya shafa. A watan Afrilun 2010 rijiyar mai ta kamfanin BP ta fashe a Tekun Meziko, ma'aikata 11 suka rasu. Shugaban kamfanin, Tony Hayward, ya ba da haƙuri a gaban kyamara, sannan ya ƙara da cewa shi ma yana so ya koma rayuwarsa ta da. Haƙurin ya bi iska, wannan guntuwar maganar ce ta zagaye duniya, kuma kafin shekarar ta ƙare ya bar kujerar. A wajenmu ma abin ya fi tsanani. Wanda ya shiga kare ma'aikatarsa kafin ya yi jaje ko ta'aziyya, jama'a sun gama yanke masa hukunci tun bai kai ga bayani ba.

Na huɗu, kada ka riƙo sanarwar da aka rubuta da Turanci kana fassarawa a iska. Mai sauraro yana jin ƙamshinta nan take. Zauna ka tsara ta da Hausar da direba da mai shayi za su gane, ka faɗi abin da aka yi da ranar da za a yi saura. "Ana kan bincike" kaɗai ba amsa ba ce, ni dai a kunnena zille-zille ce.

Daga nan ka sa abokin aiki ya yi maka tambayoyin da kake addu'ar kada a yi. Ku naɗa a waya, ka saurari kanka. Babu daɗi, amma a nan za ka kama yawan "ka gane ko" ɗinka.

Idan talabijin ne, kalli mai tambaya, ka bar kyamara, ka guji riga mai ƙananan zane-zane domin rawa take yi a allo. Kuma ka ɗauka makirufo a kunne yake har sai ka ga an cire. Gordon Brown, Firaministan Birtaniya na wancan lokacin, ya shiga mota da shi maƙale a rigarsa lokacin yaƙin zaɓen 2010, ya kushe wata mai zaɓe, duk ƙasar ta ji, dole ya koma har gidanta neman afuwa.

Bayan an gama, ajiye naka kwafin hirar. In an juya maka magana, kira editan da muryar a hannunka kafin ka garzaya Facebook.