Ga masu son naɗar murya a gida ba tare da kashe kuɗi da yawa ba

Salam 'yan uwa. Masu tambayar da me za su fara naɗar karatu ko waƙa a kwamfuta, ku sauke manhajar Audacity. Kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux, kuma ba ta buƙatar kwamfuta mai ƙarfi.

Makirufo kuwa, ku nemi mai shiga ta USB, irin su Fifine K669 ko Samson Q2U. Ku yi hattara da BM-800 da ta cika kasuwa: arha gare ta, amma sai da wutar 48V, wadda wata na'ura ta daban ke ba ta, take fitar da murya sosai, in ba haka ba sai ƙara.

Ni a ganina ɗaki ya fi makirufo muhimmanci. Ku kashe fanka, ku jira janareton maƙwabta ya yi shiru, ku shiga ɗaki mai labule da katifa. Baki ya yi tazarar kamar taƙi ɗaya da makirufo. Kafin ku fara magana ku bar daƙiƙa 5 shiru, da shi Noise Reduction, wato sashen Audacity mai rage ƙara, zai gane ƙarar da zai cire. Kada ku ƙara ƙarfin Noise Reduction da yawa, murya za ta koma kamar daga cikin rijiya.