Yadda za ka ceto fayilolinka idan RAID 0 ya lalace

Masu editin bidiyo da masu situdiyon hoto su ne suka fi faɗawa wannan matsalar, saboda RAID 0, wato haɗa faifan ajiya na kwamfuta biyu ko fiye su yi aiki kamar ɗaya, yana da sauri sosai kuma faifai biyu masu 2TB sai su zama 4TB a wuri ɗaya, sai mutum ya tara aikin bikin mutane na wata da watanni a kai. Abin da ba a gaya wa mutane shi ne RAID 0 ba ya ajiye kwafin komai. Yanka kowane fayil yake yi gunduwa-gunduwa, ya sa ta farko a faifai na ɗaya, ta biyu a faifai na biyu, ta uku ya dawo na ɗaya, haka dai har ƙarshe, kamar littafin da aka yage aka ba wani shafi na 1, 3, 5 aka ba wani 2, 4, 6. To in faifai ɗaya ya tafi, rabin kowane babban fayil ne ya tafi.

Amma kar ka fid da rai tukuna, don sau da yawa faifan lafiyarsu ƙalau, bayanin yadda aka haɗa su ne kawai ya ɓace. Kuma yawancin ɓarnar da ke hana a dawo da kaya ba lalacewar farko ba ce, abin da mai kwamfutar ya yi a cikin ruɗu ne bayan ta faru.

Don haka abu na farko, kashe kwamfutar. In Windows ya nuna maka cewa a yi wa faifan initialize ko fomat, dan Allah ka danna a'a. Kar ka kunna chkdsk, manhajar Windows mai gyaran faifai, kar ka shiga saitin RAID na Intel RST da ake buɗewa da Ctrl+I ka goge haɗin faifan, wato volume ɗin, ko ka ƙirƙiri sabo wai ko zai dawo, in a Linux kake kar ka taɓa mdadm --create, umarnin haɗa sabon RAID, a kan faifan na asali. Duk waɗannan rubutu suke yi a kan faifai. Kafin ka zare su kuma ka samu alƙalamin maka ka rubuta a jikin kowanne lambar ramin SATA da aka jona shi a madabod, ka ɗauki hoto da waya, zai rage maka wahala nan gaba.

Sai ka gano wace irin matsala ce. Shiga BIOS, wato saitin madabod, ka duba ko saitin SATA ya koma AHCI, inda kowane faifai ke aiki shi kaɗai, daga RAID, wannan yana faruwa in batirin CMOS, ɗan zagayen nan CR2032, ya mutu ko an sabunta BIOS ko an ɗauke wuta ana tsaka da aiki saitin ya koma na kamfani. Mayar da shi RAID kawai kan isa wani lokacin. Canza kebul na SATA da na wuta ma, kebul mai sako-sako ya sha sa mutane kuka a banza. In duk faifan suna bayyana da girmansu daidai, to akwai kyakkyawan fata.

In kuma ɗaya yana ƙara ƙyat ƙyat ƙyat, ko yana ƙoƙarin juyawa yana tsayawa, ko BIOS ba ya ganinsa sam, cire masa wuta nan take. Kan da ke karanta bayanai ne mai yiwuwa ya lalace, kuma duk kunnawar da ka ƙara yana iya kankare fuskar faifan. Kar ka sa shi a firiza, kar ka bubbuga shi, kar ka bari mai gyaran waya ya kwance shi a kan tebur, ƙura ƙwaya ɗaya ta isa ta gama da shi. Wannan aikin kamfanin ceto bayanai ne masu ɗaki na musamman mara ƙura, kuma faifan duka za ka kai musu, har da mai lafiyar.

To in duk suna karantuwa, aikin da ya fi komai muhimmanci shi ne kwafe kowane faifai ɗungurungum zuwa fayil guda, daga nan ba za ka ƙara taɓa na asalin ba. Kana buƙatar wuri mai yawa fa, faifai biyu masu 2TB za su ci 4TB, ga kuma wani wurin daban da za ka zuba abin da ka ceto. Tashi kwamfutar da Linux na filas, irin su Ubuntu ko SystemRescue, ka duba lafiyar kowanne da smartctl -a, sannan ka yi amfani da GNU ddrescue, manhajar kwafe faifai, a kan kowanne da sunan fayil daban (sdb a nan sunan faifan da ake kwafewa ne a Linux):

ddrescue -n /dev/sdb faifai1.img faifai1.map

ddrescue -d -r3 /dev/sdb faifai1.img faifai1.map

Na farkon yana kwashe wuraren da ke da lafiya da sauri ya tsallake masu ciwo, na biyun ya dawo ya gwada masu ciwon sau 3. Wancan fayil na map shi ne gatanka, in aka ɗauke wuta za ka ci gaba daga inda ya tsaya, amma duk da haka ka sa UPS ko inbata don aikin kan ɗauki awanni, wani lokacin ma kwanaki. Fara da faifan da ya fi rauni. Kuma ka duba da lsblk sau biyu ka tabbata wane ne sdb, in ka rikita faifan to wanda ba shi ba za ka kwafa.

Yanzu sai haɗawa. Abu uku kake nema: jerin faifan, girman gunduwar, da inda bayanai suka fara. In da mdadm aka haɗa shi, ka jona kwafin da losetup -r -f -P faifai1.img, sai mdadm --examine ya karanto maka komai, yawanci gunduwar 512K ce in ba a canza ba, sai ka tayar da shi da mdadm --assemble --readonly. In kuwa madabod ne ya haɗa RAID ɗin kuma bayanin ya goge, 64KB da 128KB su ne aka fi samu, fara da su. Faifai na farko shi ne wanda ke ɗauke da teburin patishan, in ka buɗe shi da manhajar DMDE za ka ga 55 AA a ƙarshen sekta ta farko, wato ɗan yankin farko na faifan, in teburin irin na GPT ne kuma ka ga EFI PART a sekta ta gaba. Wanda ba ya son rubuta umarni yana iya amfani da R-Studio ko UFS Explorer ko DMDE, ka zuba kwafin biyu ka zaɓi RAID 0 ka yi ta sauya jeri da girma. ReclaiMe Free RAID Recovery ma yana ƙoƙarin gano lissafin da kansa.

Ganin sunayen folda ba ya nufin ka dace. Ƙaramin fayil da bai kai girman gunduwa ba yana iya buɗewa lafiya ko da lissafin bai yi daidai ba, don haka da babban abu za ka gwada, hoto mai 8MB ko bidiyo. In saman hoton ya fito tas sai ƙasan ya zama layi-layi ko toka-toka, ko bidiyo yana fashewa bayan 'yan daƙiƙu, to girman gunduwar ko jerin bai yi ba, koma ka sauya. In manyan fayiloli daga folda daban-daban suka buɗe har ƙarshe, fara kwashe mafi muhimmanci zuwa faifai na uku.

In kuwa faifai ɗaya ya mutu murus har ƙwararru sun kasa, ka sa manhajar ceto fayiloli ta PhotoRec a kan kwafin mai lafiyar. Za ka iya tsintar ƙananan takardu da ƙananan hotuna da suka faɗa cikin gunduwa ɗaya, ba tare da sunayensu na asali ba. Bidiyo kam ba zai dawo ba, gara ka kira masu bikin da wuri ka tambaya ko katin kyamarar da aka ɗauka da shi yana nan ba a goge ba.