Yadda ake tsara ƙaramin filin golf a Bauchi ya yi daɗin wasa kuma ya ba gwanaye wuya

Cikakken filin golf mai ramuka 18 yakan ci fili kusan eka 150, kuma ciyawarsa na shan ruwan da zai ishi unguwa. Kulob ko makaranta ko bariki da ke da eka goma zuwa ashirin a gefen garin Bauchi ba su da wannan. Amma ƙarancin fili bai hana a gina wurin da gwani zai yi gumi ba. A Pinehurst ta Amurka akwai fili mai ramuka tara da ake kira The Cradle, wanda Gil Hanse ya tsara aka buɗe a 2017. Tsawonsa duka yadi 789 ne, a kan eka goma, kuma mutane na rububinsa. A 2013 an yi gasar US Open a Merion ta Amurka, filin da bai cika yadi 7,000 ba, wato gajere ne ga irin wannan gasa, ana ta cewa manyan 'yan wasa za su yi masa kaca-kaca. Justin Rose da ya lashe gasar sai da ya zarce ƙa'idar bugun filin da ɗaya, wato adadin bugun da aka ƙayyade gwani zai gama wasan da shi. Abin da ya ba su wuya shi ne kowane bugu sai an yi shawara kafin a yi shi. Kamar dara ce, gurbinta bai fi tabarma ba, amma dattawa na wuni a kanta. Ga yadda ake bi.

Mataki na farko: taka filin da ƙafa, rani da damina

Kada ka fara da takarda. Shiga filin a watan Agusta bayan an ɗauke ruwan sama, ka ga inda ruwa ke bi da inda yake kwanciya. Ka koma a watan Janairu lokacin da ƙasa ta bushe ƙamas, ka jefa ƙwallo ka ga yadda take gudu. Fili ɗaya ne, amma wasa biyu ne a cikinsa. Da rani ƙwallon da ta faɗi a kan jar ƙasa takan yi tsalle ta ƙara tafiya mai nisa, da damina kuwa inda ta faɗi nan take tsayawa.

Yayin da kake zagayen, abin da kake nema shi ne wuraren da farfajiyar rami za ta zauna, wato wurin da tuta ke tsaye. Gindin fa, kan ɗan tudu, bakin kwazazzabo, tsakanin tsamiya biyu. Ƙasar Bauchi ta wadata da duwatsu, kuma dutsen da mai gini zai kira matsala shi ne dukiyar mai tsara filin golf. Kafa turke a duk inda ya burge ka, ko sun kai ashirin, daga baya ka zaɓi tara. Ka kuma tambayi mai unguwa ko burtali ya ratsa wurin. Idan ya ratsa, ka bar wa shanu hanyarsu, don kofato ɗaya ya isa ya ɓata farfajiyar da aka yi wata ana gyarawa.

Mataki na biyu: jera ramukan

Yanzu haɗa turakun, ta yadda wanda ya gama rami zai yi 'yan taku kaɗan ya isa wurin bugun farko na rami na gaba. Abubuwa uku ne za ka riƙe. Iska: hunturu na busowa daga arewa maso gabas, iskar damina daga kudu maso yamma, saboda haka kada ramuka uku a jere su fuskanci wuri guda, a sa ɗan wasa ya yi bugu iska na gabansa, na gaba tana bayansa, na gaba tana gefe. Rana: ramin farko kada ya kalli gabas, na ƙarshe kada ya kalli yamma, musamman da yake yawancin mutanenmu bayan la'asar suke fitowa. Sai kuma tsaro. Mafi yawan 'yan wasa na-dama ne, kuma kuskurensu yakan karkata dama. Idan ka zagaya filin yadda hannun agogo ke tafiya, ƙwallon da ta kauce za ta faɗo cikin filinka, ba kan kwanon maƙwabci ko titi ba.

Mataki na uku: bambanta tsawo

Doka ta yarda ɗan wasa ya ɗauki sanduna 14. Filin da ramukansa tara duk yadi 120 ne zai sa shi ya yi ta zaro sanda ɗaya har ya gaji. Sa ɗaya ya zama yadi 70, wani 95, wani 140, wani ya kai 190 idan fili ya bari. Gwajin mai sauƙi ne: in gwani ya gama zagaye bai taɓa sanduna shida ko bakwai ba, a sake lissafi.

Mataki na huɗu: farfajiya, inda aikin yake

Nan za ka kashe yawancin tunaninka da kuɗinka. Rami na takwas a Royal Troon ta Sikotilan yadi 123 ne kacal, farfajiyarsa siririya ce a jikin tudun yashi, an kewaye ta da gurabun yashi masu zurfi. Gene Sarazen ya jefa ƙwallo cikinsa da bugu ɗaya a 1973 yana da shekara 71, amma manyan 'yan wasa da yawa sun bar wurin da bugu shida ko bakwai. Rami na 12 a Augusta ta Amurka, inda ake gasar Masters, yadi 155 ne, a can Jordan Spieth ya jefa ƙwallo biyu a rafi a 2016, ya yi bugu bakwai, kofin Masters ya kuɓuce masa. Abin lura a ramin Augusta shi ne farfajiyar ba ta da zurfi daga gaba zuwa baya, kuma a karkace take, ɓangaren damanta ya fi nisa. Wanda ya nufi dama da ƙarfin da ya dace da hagu, ruwa zai sha.

Wannan karkacewar ita ce dabara mafi arha da za ka ara. Kada farfajiya ta fuskanci mai bugu kai tsaye kamar faranti. Juya ta a kaikaice, ka sa haɗari a gefen da ya fi nisa. Ba ka ƙara ko yadi ɗaya ba, amma yanzu dole ya daidaita nisa da saiti a lokaci guda.

Sai batun ciyawa ko yashi. Idan kana da rijiyar burtsatse mai ƙarfi da wanda zai yi yanka kullum, dasa kiri-kiri, ita ce ke jure zafinmu. Ka ba farfajiyar gangara yadda ruwa zai fita ta gefe biyu ko uku, amma inda za a haƙa ramin kada gangarar ta wuce kashi biyu zuwa uku cikin ɗari, in ba haka ba ƙwallo ba za ta tsaya ba, wasa ya koma caca. Idan babu ruwan, kada ka ji kunyar farfajiyar yashi da aka cuɗa da mai aka daddaɓe, irin wadda filayen Arewa suka daɗe suna wasa a kai. Ni a ganina farfajiyar yashi mai kyau ta fi ta ciyawar da ta mutu rabi nesa ba kusa ba. Sai dai a guji baƙin man inji, yana gurɓata ƙasa da ruwan rijiya. Man girki da aka gama amfani da shi ya fi.

Farfajiyar yashi tana da sharaɗi: kusan a shimfiɗe take zama, don ruwan sama na wanke yashin da ke kan gangara. Saboda haka wahalar sai ta koma kewayenta. Ɗaga ta kamar ƙafa biyu ko uku sama da ƙasa, a sassaƙe gefenta, duk ƙwallon da ta gaza ta gangaro baya. A wani ramin kuma yi akasin haka. A North Berwick ta Sikotilan akwai rami na 15 da ake kira Redan, wanda aka kwaikwaya a ƙasashe da dama: farfajiyarsa ta karkata daga dama zuwa hagu tana gangarawa baya, kuma mai wayo ba ya nufar tuta, yakan sauke ƙwallo a kafaɗar dama ya bar ƙasa ta kai masa ita. Busasshiyar ƙasarmu ta rani kamar don wannan aka yi ta. Tara jar ƙasa a gaban dama ta zama kafaɗa, ka haƙa gurbin yashi a gaban hagu, shi ke nan.

Mataki na biyar: haɗari kaɗan, a inda ake son bi

Gurbin yashi da ke can gefe inda ba wanda ke nufa ado ne kawai, ga cin kuɗin gyara. Sa shi daidai kan layin da ya fi kowane kyau zuwa tuta, yadda wanda ya kuskura ya matso kusa da shi zai sami sauƙin bugu na gaba, wanda ya guje shi kuma ya tsira amma ya sami mummunar kusurwa. Gurabu shida zuwa takwas sun ishi ramuka tara. A ƙasarmu kowane gurbi sai an yi masa mafitar ruwa, in ba haka ba watan Agusta zai mai da shi gidan kwaɗi.

Idan fili ya ba ka yadi 280 zuwa 310 a wuri ɗaya, yi rami mai ƙa'idar bugu huɗu wanda mai ƙarfi zai iya kaiwa farfajiyarsa da bugu ɗaya. Rami na 10 a Riviera ta Los Angeles yadi 315 ne, kuma har yau ƙwararru na gardamar ko a kai masa hari ko a ajiye ƙwallo a hagu a bi a hankali. Rami irin wannan guda ɗaya ya isa ya zama abin hira a rumfar kulob.

Itatuwa ma haɗari ne, kuma kyauta. Kuka ɗaya a tsakiyar hanya ta raba ta biyu. Gawo kuwa yana da nasa hali, da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi lif, don haka bugun da ke ratsa rassansa a watan Yuli ba zai wuce ba a Fabrairu. Darbejiya dai kada a dasa ta kusa da farfajiyar ciyawa, inuwarta da saiwarta za su kashe ta.

Mataki na shida: bar wa ɗan koyo ƙofa

Kowane rami ya kasance da hanyar da yaro ko dattijo zai gangaro da ƙwallo a ƙasa har farfajiya ba tare da ya tsallake komai ba. Kwazazzabon da dole sai an haye shi, ɗaya ya isa a duk filin, shi ma a yi masa wurin bugu na kusa. A share ƙarangiya da doguwar ciyawa a gefen hanya, domin ƙwallo tsada gare ta, kuma wanda ya ɓatar da uku ranar farko da wuya ya dawo, balle a ce akwai maciji a ciki.

Mataki na bakwai: gwada kafin ka kira mai tifa

Share wuraren da fartanya, kafa sanduna da ƙyalle a matsayin tuta, ka gayyato gwani ɗaya da matsakaici da ɗan koyo su yi ta wasa na wasu makonni. Tsaya a gefe ka kalli inda suke jinkiri kafin su zaro sanda. Ramin da kowa ya buga ba tare da ya tsaya ba, a matsar da turkensa ko a juya kusurwarsa. A nan ne kuma za ka zaɓi wurin bugun farko na biyu ga kowane rami, ba a bayan na farko ba, a gefe, da tazarar yadi ashirin ko talatin. Mai son ramuka 18 sai ya zagaya sau biyu, a zagaye na biyu gurbin yashin da ke hagunsa ɗazu ya dawo gabansa. Sai bayan damina ɗaya ta wuce a kan turakun, ka ga ba wanda ruwa ya ci, sannan a fara zuba ƙasa.