Babi Na Shida: Idan Hoto Ya Nuna Ɗan Ƙulli A Huhu

Darasi na 1: Karanta takardar hoto

Wani lokaci mutum yakan je asibiti don wani ciwo dabam, a yi masa hoton ƙirji, sai likita ya ce ya ga ɗan ƙulli a huhu. Kada hankalinku ya tashi, 'yan'uwa. Mafi yawan irin waɗannan ƙananan ƙulli ba ciwon daji ba ne. Sau da yawa tabo ne da tarin fuka ko wani tsohon ciwon huhu ya bari.

A takardar hoton ana rubuta girman ƙullin. Don ku gane awon, ku ɗauko rula. Ku dubi ƙananan zane-zanen da ke tsakanin 0 da 1. Kowane ɗaya milimita ne, ana rubuta shi mm. Guda 10 su ne santimita 1, wato cm. Ku duba takardarku da kyau, mm aka rubuta ko cm? Na ga ɗalibin da ya karanta 6 mm a matsayin 6 cm, ya kwana bai runtsa ba.

Darasi na 2: Ranar komawa

Ƙulli ƙarami ba a cika yi masa aiki ba, sa masa ido ake yi. Ana sake hoton CT, wato hoton na'urar da ke nuna cikin ƙirji dalla-dalla, a gani ko ya girma. Bisa ƙa'idar 2017 ta Fleischner, wata ƙungiyar ƙwararrun likitocin huhu da hoton ƙirji, ƙullin da bai kai 6 mm ba a jikin wanda ba shi da haɗarin kamuwa da ciwon daji sosai, galibi ba ya buƙatar wani hoto. Daga 6 zuwa 8 mm, a sake hoto bayan wata 6 zuwa 12. Idan ya wuce 8 mm, likita zai iya cewa a dawo bayan wata 3, ko a yi wani gwaji. Likitanku ne zai yanke.

To, a nan ne ake faɗuwa. Kafin ku fita daga ɗakin likita, ku tambaya: "Likita, yaushe zan dawo?" Ku rubuta ranar. Rana, wata, shekara. Idan hannu bai saba ba tukuna, ku roƙi ma'aikaciyar jinya ta rubuta, ku kuma ku kwafa a ƙasa. Ku karanta mata da baki ta tabbatar. Da kun isa gida, ku sake rubuta ranar a jikin ambulan ɗin hoton, da manyan baƙi.

Sannan ku koma ranar, ko da kuna jin garau. Ƙaramin ƙulli ba ya ciwo, ba ya sa tari, don haka jin daɗin jiki ba hujja ba ce. Na gaji da jin "Malam, ai na warke." Wa ya ce kun warke? Hoto ne kaɗai zai faɗa. Ku rubuta ranar, ku koma.

Kuma ku tafi da tsohon hoton, domin da shi ake auna sabon. Ƙulli mai tauri da ya shekara 2 bai ƙaru ba, yawanci ana sallamar mai shi.

Darasi na 3: Ranar hoto

Za ku kwanta, a ce ku riƙe numfashi na 'yan daƙiƙoƙi. Babu zafi.

Darasi na 4

Mai shan taba ya daina. Tari da jini ko rama ba dalili, a je asibiti, kada a jira ranar.

Aiki: rubuta ranar komawarka sau 3.